Shinkafa da Ƙasar Kwari: Abin da Aka Koya a Kwadaso

Wanda ya tashi daga tsakiyar birnin Kumasi ya kama hanyar Sunyani, ba zai yi nisa ba zai iske unguwar da ake kira Kwadaso. A yau gidaje da shaguna sun cika ta, har ta sami majalisar kanta a 2018, amma a dā bayan gari ce, daji da gonaki. A nan ne Makarantar Koyon Aikin Gona take, wadda asalinta ya faro tun 1922, a nan kuma Cibiyar Binciken Ƙasar Noma ta Gana take da mazauninta. Yawancin mutanen Zongo da suke wucewa ta bakin ƙofarta a mota ba su taɓa shiga ba, ba su kuma ga dalilin shiga ba. Duk da haka, abin da aka yi shekaru ana bincike a wannan wuri ya shafi tukunyar kowane gida a Zongo, gama babu abincin da ya kama mutanen Zongo kamar shinkafa.

Shaidar wannan tana cikin sunayen abinci. Dukan Gana ta san abincin safe da ake kira waakye, wanda ake dafa shi da karan dafi don ya yi ja. Sunan ba wani abu ba ne illa "wake" na Hausa, daga "shinkafa da wake". Haka kuma omo tuo, wanda ake rububinsa ranar Lahadi, tuwon shinkafa ne, kalmar "tuwo" ma ba ta ɓuya ba. Fataken goro ne da waɗanda suka biyo bayansu suka yaɗa waɗannan. Tun kafin zuwan Turawa ayarin Hausawa yana zuwa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga. Sa'ad da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Ingilishi kuma suka kama Kumasi a 1896, sai fatake suka gangaro kudu, Zongon Kumasi ya fara cika. Jirgin ƙasa ya iso a 1903, noman koko ya bunƙasa, ma'aikata daga arewa suka yi ta kwararowa: Mosawa, Dagwamba, Kusasi, Frafra, Busanga da sauransu. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Abin mamaki shi ne, yawancin shinkafar da jikokinsu suke ci ta ƙetaro teku ne. A shekarun 2010 fiye da rabin shinkafar da Gana take ci daga waje ake kawo ta, musamman daga Biyetnam da Tailan da Indiya, alhali kuwa kwaruruka masu ruwa suna kewaye da Kumasi ta kowace fuska.

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Muna da irin tamu, mai jan bawo, wadda kakanni suka mai da ita amfanin gona a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali wajen shekara 3,000 da suka wuce. Ita ce aka daɗe ana nomawa a fadamun Rima da Kabi. Farar shinkafa ta Asiya kuwa, jiragen Fotigal ne suka kawo ta bakin teku a ƙarni na 16. Amma Tonawa, wato mutanen Ashanti, ba su ɗauki shinkafa babban abinci ba. Nasu doya ne da agade da gwaza da rogo, daga baya kuma hankalinsu ya koma ga koko, wanda yake son tudu, ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Saboda haka kwari ya zama ƙasar da ba a damu da ita ba, wurin tukurwa da rake da sauro. Baƙo ɗan arewa da ya zo ƙodago a gonar koko, in ya roƙi wurin da zai shuka abin kansa, sau da yawa kwarin ne ake nuna masa. Ya sare ciyawa, ya ƙone, ya yafa iri ko ya shuka da sanda, ya jira sama. Abin da yakan samu bai cika wuce tan ɗaya ko ɗaya da rabi na shanshera a hekta ba. Bayan shekara biyu ko uku ciyawa ta fi ƙarfinsa, ya matsa gaba.

Binciken ƙasar noma a Gana ya fara ne saboda koko, ba saboda shinkafa ba. Wani Bature mai suna C. F. Charter shi ne ya kafa aikin auna ƙasa da bayyana irinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya shugabance shi har rasuwarsa a 1956. Daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa akwai Hugh Brammer, wanda daga baya ya yi suna a kan ƙasar shinkafa ta Bangaladash. Wannan sashe ne ya zauna a Kwadaso, ya zama cikakkiyar cibiyar bincike bayan samun mulkin kai, 'yan ƙasa irin su H. B. Obeng suka karɓi ragamarsa. Aikinsu na fari aikin ƙafa ne. Sukan sari layi cikin kurmi, su yi ta tafiya suna haƙa rami, suna duban launin ƙasa da laushinta, suna ba kowace iri sunan garin da aka fara ganinta. A yankin da yake yamma da Kumasi sun tarar da wani tsari da yake maimaita kansa daga tudu zuwa rafi. A ƙwanƙolin tudu ƙasa ja ce, suka kira ta Bekwai. In aka ɗan gangaro sai ta koma ruwan ƙasa, Nzima ke nan. Ƙasa da wannan ta zama rawaya, Kokofu. A gindin kwari kuwa, inda ruwa yake kwana, laka ce mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, suka sa mata Oda.

Manomi ya san wannan bambancin launi tun kafin a haifi Charter. Abin da bai sani ba shi ne dalilinsa, dalilin kuwa shi ne zuciyar wannan labari. Jan da yake cikin ƙasar tudu tsatsar ƙarfe ce. A kwari akwai waɗansu halittu da suke narkar da wannan tsatsa, ruwa ya kwashe ta, ƙasa ta rage fari-fari. Ruwan tokan ƙasar Oda sawun aikinsu ne.

Bari mu ɗan dakata a kan waɗannan halittu. Da yawa daga cikinmu mun fara jin labarinsu a asibiti, inda ake kiransu ƙwayoyin cuta, don haka muka ɗauka dukansu abokan gaba ne. Gaskiyar ita ce masu kawo cuta kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Cikin ƙasa mai kyau wadda ba ta fi cikin ƙaramin cokali ba, ana samun bakteriya miliyoyi ɗari-ɗari, ban da zaren naman gwari da gansakuka da sauran ƙananan abubuwa da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Su ne suke ruɓar da ganye da kara da kashin dabba su mai da su abincin shuka. A 1886 waɗansu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa ƙullutun da suke jikin saiwar wake da danginsa suna jawo naitirojin daga iska, wato sinadarin nan da muke saya cikin buhun yuriya. Bayan shekara biyu Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar da take wannan aiki. Manomin Kano da yake shuka wake tsakanin dawa ya daɗe yana cin moriyarta bai san sunanta ba.

Shinkafa ba ta da irin waɗannan ƙullutu, amma tana da wata baiwa: tana iya rayuwa da saiwarta cikin ruwa, gama akwai hanyoyin iska a cikin karanta da suke kai numfashi har ƙasa. Sa'ad da ruwa ya rufe gona, al'amarin cikin ƙasa yakan juya gaba ɗaya. Iskar oksijin tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari, don haka cikin kwana ɗaya ko biyu halittun ƙasa sun shanye wadda ta rage. Masu bukatar iska sai su kwanta, waɗansu su tashi waɗanda suke iya numfashi da wani abu dabam. Da fari sukan cinye naitirojin irin wanda ya riga ya haɗu da oksijin, su sake shi sama. Daga nan su koma kan manganis, sa'an nan tsatsar ƙarfe, sa'an nan gishirin farar wuta, wanda shi ne yake ba taɓo warin ruɓaɓɓen ƙwai. A ƙarshe, in ruwa ya daɗe kuma akwai kara mai yawa, sai masu yin iskar mitan su karɓi aiki, su ne suke sa kumfa ta taso in an taka laka. Wani masani ɗan Siri Lanka, F. N. Ponnamperuma, wanda ya yi aiki a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya a Filifin, shi ne ya tattara bayanin wannan jeri a wani dogon rubutu a 1972.

Amfanin wannan ga manomi uku ne ko huɗu, kuma kowanne ya dace da matsalar ƙasar kurmi. Ƙasar Ashanti tana da tsami, gama ruwan sama na damina biyu a shekara ya wanke ta. Amma in ta yi makonni ƙarƙashin ruwa, aikin waɗannan halittu yakan rage tsamin har ta kusa daidaita. Har wa yau, tsatsar ƙarfe takan riƙe fosfaras, sinadarin da yake cikin takin sufa, ta hana shuka samunsa. Da tsatsar ta narke sai fosfaras ya kuɓuta. Sa'an nan ga gansakukar nan mai shuɗi-shuɗi da take yaɗuwa a kan ruwan gona, wadda mutum zai ɗauka ƙazanta ce. Wani Ba'indiye mai suna P. K. De ya nuna a 1939 cewa tana kama naitirojin daga iska, ya ce ita ce ta sa gonakin shinkafa na ƙasarsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bayarwa ba tare da taki ba. Binciken da aka yi daga baya ya kimanta cewa gansakuka da bakteriyar laka tare sukan ƙara wa hekta ɗaya tsakanin kilo 15 da kilo 50 na naitirojin a shuka guda. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 ne kawai na naitirojin. Mai karatu ya yi lissafin da kansa, ya tuna da kuɗin buhu a kasuwa. Ban da wannan duka, ruwan da ya tsaya yana danne yawancin ciyawa, wadda ita ce take korar manomi daga gonarsa.

Sai dai duk wannan alheri yana rataye a kan abu guda, wato ruwan ya tsaya inda aka sa shi, ya kuma fita sa'ad da ake so. A kwarin da ba a gyara ba, ruwa yakan zo yau ya rufe shuka, jibi ya janye ƙasa ta tsage, mako mai zuwa ya komo. Wannan shi ne mafi munin hali. Sa'ad da ƙasa ta bushe, masu son iska sukan juya naitirojin zuwa irin da yake bin ruwa. Sa'ad da ruwa ya komo, ɗaya ƙungiyar ta cinye shi ta mayar sama. Kowane zuwa da komowar ruwa asara ce. In manomi ya yi ƙoƙari ya sayi taki ya watsa, ambaliya ta farko ta kai wa maƙwabcinsa na gangare, ko ta kai rafi. Ko a gonar da aka gyara ma, yuriyar da aka watsa a kan ruwa shuka ba ta cika samun fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. A waɗansu wurare kuma, ruwan da yake tsattsafowa daga gindin tudu yana ɗauke da narkakken ƙarfe fiye da kima. Za ka ga jan mai-mai a kan ruwa, ganyen shinkafa ya yi ɗigo-ɗigo ya koma launin tagulla. Halittun da suke sakin fosfaras su ne dai suke jawo wannan, in ba hanyar da za a zubar da ruwan a sake sabo.

Gana ta biya kuɗin wannan darasi da tsada a shekarun 1970. A 1972 gwamnatin soja ta Kanar Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai. A arewa, a manyan fadamu irin na Fumbisi da Nasia, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da hafsoshi suka sami bashin banki mai sauƙi, da tarakta da injin girbi da taki mai rahusa. Aka kafce dubban kadada, aka yafa iri. Wajen 1975 ƙasar ta wadatu da shinkafar kanta. Amma ba a daidaita gonakin ba, ba a kuma yi musu kunyar tare ruwa ba. Abin da aka ci a shekarun fari tsohon ƙarfin ƙasa ne wanda ciyawar fadama ta tara. Da ya ƙare, ciyawa da shinkafar daji suka shigo, amfani ya ragu, masu tarakta suka matsa zuwa sabuwar fadama. Kayan gyaran injuna suka yi wuya, rikici da masu ƙasa ya kai ga ƙone gonaki gab da girbi. Fari da gobarar daji na 1983 suka zo a shekarar da Nijeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Gyaran tattalin arziki da ya biyo baya ya janye tallafin taki, ya buɗe tashar jirgin ruwa ga shinkafar waje. Daga nan harshen mutanen birni ya saba da doguwar farar shinkafa mai ƙanshi wadda ba a tsince mata tsakuwa.

Sabon tunani ya zo ta hanyar Nijeriya. Wani masanin ƙasa ɗan Japan, Toshiyuki Wakatsuki, ya zo aiki Cibiyar Aikin Gona ta Ibadan a 1986, ya yi gwaje-gwaje a kwarurukan ƙasar Nufe kusa da Bida, inda manoma suke da tsohuwar al'adar yin ƙananan kunyoyi don tare ruwa. Ra'ayinsa shi ne, abin da ya sa sabon iri da takin zamani suka yi aiki a Asiya amma suka kāsa a Afirka, a Asiya sun tarar da gonar da aka riga aka gyara tun ɗaruruwan shekaru. Ya ɗauko kalmar mutanen Indunusiya, sawah, don ya bambanta wannan gona da kowace gonar shinkafa. Sawah fili ne da aka kewaye da kunya, aka daidaita shi ya zama bai ɗaya, aka kwaɓa ƙasarsa ta zama taɓo, aka yi masa mashigar ruwa da mafita. Mai noman rani a Kura ko Wurno zai ce ai fangali ke nan, kuma bai yi kuskure ba, sai dai wannan ya fi girma, ruwa kuma yana kwana a cikinsa.

Daga 1997 zuwa 2001 hukumar taimako ta Japan ta haɗa hannu da Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Gana da masanan Kwadaso, suka gwada wannan hanya a ƙauyukan Adugyama da Biemso, a kan hanyar nan ta Sunyani, cikin yankin kogin Mankran. Daga cikin masanan Kwadaso da suka daɗe a wannan aiki akwai M. M. Buri da R. N. Issaka. Ba a gina dam ba, ba a kawo katafila ba. Ƙungiyoyin manoma ne suka yi aikin da fartanya da shebur da buhunan yashi, suka tare ƙaramin rafi ko idon ruwa, suka ja lambatu. Injin da aka kawo shi ne ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu wadda mutum yake bi a baya yana tuƙawa. Ita take kwaɓa laka, ta kuma ja katako don daidaita fili. Maimakon yafa iri, aka reni shuka a gefe aka yi dashe a layi. Amfanin da yake tsakanin tan ɗaya da biyu a dā ya haura tan 4 a hekta, waɗansu ƙungiyoyi ma suka wuce 5.

Kwaɓa laka yana toshe ƙananan kafofin ƙasa, ruwa ya daina zurarewa da taki. Daidaita fili yana sa kowace shuka ta sami zurfin ruwa ɗaya, kada wata ta nutse wata tana ƙishi. Kunya kuma tana tare lallausar ƙasar da ruwa yake gangarowa da ita daga tudun Bekwai da Nzima, ta kwanta a gona maimakon ta wuce kogi. Gwajin da masanan Kwadaso suka yi ya nuna cewa kashin kaji, wanda yake tuli a gidajen kiwon kaji na kewayen Kumasi, yana iya maye gurbin wani kaso na takin zamani in an haɗa su. Takin zamani yana ciyar da shuka, kashin kaji yana ciyar da shuka da halittun ƙasa tare. Batun karan shinkafa ma haka yake. Mai ƙone shi bayan girbi yakan sami toka mai fotash, amma kusan dukan naitirojin ya bi hayaƙi, ya kuma hana halittun ƙasa abincinsu. Wanda ya mayar da shi gona da wuri, ya bar shi ya ruɓe kafin a cika ruwa, ya fi riba. In aka binne ɗanyensa a ranar da za a yi dashe, ruɓewarsa takan fitar da tsami mai ƙona saiwa, ta kuma yawaita iskar mitan, wadda tana cikin masu ɗumama duniya.

Kada a ɗauka masana duk bakinsu ɗaya ne a kan yawan ruwan da ya kamata. A Madagaska wani Faransi mai suna Henri de Laulanié, fada ne na ɗariƙar Katolika kuma masanin aikin gona, ya lura a 1983 cewa shukar da aka dasa tana ƙarama ƙwarai, ɗaya-ɗaya da tazara, a ƙasa mai danshi wadda ba a nutsar ba, tana yin 'ya'ya da yawa da saiwa mai zurfi. Masu bin hanyarsa suna cewa barin iska ta shiga ƙasa yana rayar da halittu masu amfani, har da zaren naman gwarin da yake taimakon saiwa jawo fosfaras, wanda ba ya jure nutso. An yi gardama mai zafi a kan yawan amfanin da aka ce hanyar tana bayarwa. Cibiyar Filifin kuma ta fito da tata dabarar, a bar ruwa ya janye kaɗan ƙasa da fuskar gona kafin a sake cikawa, don a rage ruwa da mitan. A ganina wannan gardama ba ta taɓa manomin Biemso ba tukuna sai ya sami kunya da lambatu. Ko mai cewa a nutsar, ko mai cewa a shanya, dukansu suna magana ne da mutumin da ruwa yake hannunsa.

To, me ya hana kowane kwari a Ashanti ya zama sawah? Tarakta mai ƙafa biyu tana da tsada, in ta lalace kuma kayan gyaranta ba sa kusa. Aikin shekarar fari mai karya baya ne. Amma babbar matsalar ba ta cikin laka. Yawancin masu noman shinkafa a waɗannan kwaruruka baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, ƙasa kuwa ta sarauta ce ko ta dangi. Haya ta shekara-shekara ce, da baki ake yinta. Mutum zai zuba guminsa ya daidaita fili, ya yi kunya, ya yi shekara uku yana tara ƙarfin ƙasa, sa'an nan mai ƙasa ya ga tan huɗu inda a dā ake samun ɗaya, ya ninka haya ko ya ce ɗansa yana so. Tsofaffin Zongo kuma ba su manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka bar gidaje da gonaki suka hau mota. Wanda ya ji wannan labari daga bakin kakansa ba ya saurin binne dukiyarsa a ƙasar wani. Masu aikin sawah sun gane haka, shi ya sa suka riƙa matsa wa a rubuta yarjejeniyar haya ta shekaru da dama, da shaidu, kafin a sa fartanya. Inda aka yi haka gonaki sun dawwama. Tsadar shinkafa ta 2008, sa'ad da kuɗinta a kasuwar duniya ya ninka kusan sau uku cikin 'yan watanni, ta sa gwamnati ta komo da tallafin taki, aka kuma fara wani aikin haɗin gwiwa da Japan a 2009 don kai kunya da dashe ga ƙananan manoma a Ashanti da Jihar Arewa.

A 'yan shekarun nan wani mai neman kwarin ya fito wanda ya fi kowane manomi kuɗi. Zinariyar da ta ba ƙasar sunanta na dā tana kwance a ƙarƙashin lakar nan ta Oda, cikin tsakuwar tsohon rafi. Masu haƙar da ake kira galamsey sukan biya mai ƙasa a rana ɗaya abin da hayar shinkafa ba za ta kawo a shekara goma ba. Injin haƙa yakan juye kwari, lakar sama ta koma ƙasa, tsakuwa ta hau sama, a bar ramuka cike da ruwa. Kogin Ofin, wanda rafuffukan wannan yanki suke zuba a cikinsa, ya koma launin kunu. Gwamnati ta hana ƙananan masu haƙa aiki a 2017, ta ɗage hanin a ƙarshen 2018, haƙar kuwa ba ta tsaya ba. Ko an cike ramin, ƙasar da ta rage ba ta da ruɓaɓɓen ganye, ba ta da yawan halittun da suka sa ta zama ƙasar noma, sai an yi shekaru ana zuba mata taki ana shuka wake da ciyawa kafin ta farfaɗo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Masu haƙa suna kama zinariya da ruwan zaiba, ragowarsa kuma tana bin ruwa ta kwanta cikin laka. A ƙasar da ruwa ya rufe, bakteriyar nan masu numfashi da gishirin farar wuta da tsatsar ƙarfe sukan juya zaiba zuwa wani iri mai dafi ƙwarai, wanda saiwar shinkafa take sha ta kai shi har cikin ƙwaya. An tabbatar da wannan a lardin Guizhou na ƙasar Sin, inda aka tarar cewa mutanen da suke kusa da ma'adinan zaiba ta shinkafa suke samun yawancin wannan dafi, ba ta kifi ba. Dafin yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya fi kuma cutar da jaririn da yake ciki. Saboda haka, manomin da zai ja ruwa daga rafin da aka yi haƙa a samansa, ko wanda aka ba shi tsohon wurin haƙa haya da araha, ya kamata ya ɗebi ƙasar da ruwan ya kai a auna kafin ya yi kunya ta fari. Daga Adugyama zuwa Kwadaso tafiyar mota ce ta kamar sa'a guda.